GWAJIN SINADARAI A CIKIN AJI BA TARE DA HAƊARI BA

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin malaman kimiyya na makarantun sakandare, da shugabannin makarantu, da kuma iyayen yara waɗanda ke son sanin abin da 'ya'yansu ke koyo. Tun lokacin da aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, hukuma ke nanata cewa ba a koyon kimiyya da hadda kaɗai, sai yaro ya gani da idonsa. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, ita ma kiran da ta daɗe tana yi ke nan. Gani ya kori ji.

Amma fa ba kowace makaranta ce ke da ɗakin gwaje-gwaje ba. A unguwanni masu cunkoso irin su Ali Kazaure, da Gangare, da Unguwar Rogo a cikin garin Jos, akan sami makarantar da ajinta bai fi girman ɗakin kwana biyu ba, taga ɗaya ko biyu, yara kuwa kafaɗa da kafaɗa. Malami a irin wannan wuri yakan faɗa cikin ɗayan kuskure biyu. Ko dai ya ƙi yin gwaji sam don tsoro, ko kuwa ya ɗauko gwajin da aka tsara domin babban ɗaki mai kayan kariya, ya yi shi a kan teburin aji.

Akwai hanya ta uku, kuma tana cikin darasin kansa. Abubuwa huɗu ne ke sa aikin sinadari ya yi sauri ko ya yi nawa, kuma su ne ke sa gwaji ya zama lafiya ko ya zama masifa. Malamin da ya san su sarai, ya riƙe linzamin gwajinsa.

Mene Ne Saurin Aikin Sinadari?

Idan abu biyu suka haɗu suka haifar da wani sabon abu, ko abu ɗaya ya rabe ya zama biyu, masana kan ce sinadari ya yi aiki. Tsatsar da ke cin kwanon rufi aikin sinadari ce, haka nan cin wutar ashana. Bambancinsu shi ne, tsatsa takan ɗauki shekaru, ashana kuwa daƙiƙa kaɗan. Saurin aikin sinadari, watau yawan abin da ya canza a cikin wani ƙayyadadden lokaci, shi ake aunawa a wannan darasi.

Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kuma kullum cikin motsi suke. Aiki ba ya aukuwa sai ƙwayoyin sun yi karo da juna, kuma karon ya zama mai ƙarfi. Saboda haka duk abin da ya yawaita karo, ko ya ƙara masa ƙarfi, to, ya ƙara saurin aiki. Abubuwan nan huɗu ga su:

1. Ƙarfin haɗi. Idan sinadari ya yi yawa a cikin ruwa kaɗan, ƙwayoyinsa sukan matsu, su riƙa karo a kai a kai, kamar mutane a kasuwar Farin Gada da hantsi. In aka surka shi da ruwa, sai karon ya ragu.

2. Zafi. Zafi yana ƙara wa ƙwayoyi gudu da ƙarfin karo. A ayyuka da yawa, ƙarin zafi na digiri 10 kan kusan ninka saurin aiki. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, shi ya tsara lissafin wannan a 1889. Matan Jos sun san haka a aikace, domin kullun fanke da ke tashi nan da nan da bazara, da hunturu sai an kai shi rana ko kusa da murhu.

3. Laushi. Abin da aka daka ya fi dunƙule saurin aiki, domin fuskokinsa da ruwa ko iska za su taɓa sun fi yawa. Shi ya sa ƙirare ke kama wuta kafin gungume.

4. Katalis, watau sinadari mai zuga. Wannan yana bukatar bayani na musamman.

Sinadari Mai Zuga

Katalis abu ne da ke gaggauta aiki, amma idan an gama sai a same shi yana nan yadda yake, bai ragu ba. Misalinsa kamar dillali ne. Mai saye da mai sayarwa suna iya haɗuwa da kansu, sai dai abin ya ɗauki lokaci. Dillali yakan kawo su wuri ɗaya, ya sassauta ciniki, in an yi sallama ya juya ga waɗansu. Bambancin kawai shi ne katalis ba ya karɓar la'ada. A harshen masana, yana buɗe wata hanya ce wadda ba ta bukatar karo mai ƙarfi sosai, don haka ƙwayoyi masu yawa kan sami wucewa. Ba ya ƙara yawan abin da za a samu a ƙarshe, lokaci kawai yake ragewa. Wani masanin Suwidin, Jacob Berzelius, shi ya raɗa wa wannan al'amari suna a 1835.

Amfaninsa ga rayuwar jama'a ba kaɗan ba ne. A 1909 Bajamushe Fritz Haber ya nuna yadda za a haɗa naitirojin na cikin iska da haidurojin a sami amoniya, Carl Bosch kuma ya mai da abin aikin masana'anta, aka buɗe ta farko a garin Oppau na Jamus a 1913, da katalis na baƙin ƙarfe. Daga amoniya ake yin takin yuriya wanda manoman dankali da masara na Mangu da Bokkos ke zubawa, kuma da wannan dabara masana'antar taki ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 take aiki. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen da ke farfasa mai mai kauri da taimakon katalis domin a sami ƙarin fetur. A jikin salansar motocin zamani ma akwai wata tukunya mai ƙananan ramuka, an shafe ta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, tana mai da hayaƙi mai guba ya zama mai sauƙin illa. An fara sa ta ga motoci da yawa a Amurka a 1975.

A jikin mutum da dabba da tsiro akwai irin nasu masu zuga, ana kiransu enzayim. Mai dafuwa da ke naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda, da ɗaya daga cikinsu take aiki, ko da ba ta san sunansa ba.

Shiri Kafin A Shiga Aji

Rigakafi ya fi magani. Kafin malami ya ɗauki ko kwalba ɗaya zuwa aji, wajibi ne ya cika waɗannan sharuɗɗa:

1. Ya yi gwajin shi kaɗai tun da fari, da kayan da zai yi amfani da su, da kuma awon da zai yi amfani da shi. Kada ya ƙara ko kaɗan a gaban yara don neman burgewa.

2. Ya auna abin da yake bukata a ofis ko a sito, ya zuba a ƙananan kwalabe masu suna rubuce a jiki. Babbar kwalba ba ta shiga aji.

3. Kada a zuba sinadari a kwalbar lemo, ko gorar ruwan sha, ko kofin shayi.

4. A buɗe tagogi da ƙofa, ko da ana sanyi.

5. A ja benci na gaba baya, ya zama akwai mita biyu zuwa uku tsakanin tebur da yaro na farko. Hanyar ƙofa ta kasance a buɗe, ba jaka ba kujera.

6. Malami da duk ɗalibin da zai taimaka su sa tabarau na kariya. Tabarau na ƙara gani ba ya wadatarwa, domin gefensa a buɗe yake.

7. A naɗe hannun riga. 'Yan mata su tattare hijabi su cusa shi cikin rigar aiki ko su ɗaure shi ta baya, musamman da yake yadin leda in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne da fata.

8. A tanadi bokitin ruwa mai tsabta, da bokitin yashi, da sabuwar buta cike da ruwa wadda aka keɓe don wanke ido. Kada a dogara ga famfo, domin yana iya ɗaukewa a daidai lokacin da ake bukatarsa.

9. A ɗora kayan gwaji a kan faranti mai faɗi, don ya tare abin da ya zube.

Gwaji Na Farko: Laushi

Wannan ya fi kowanne sauƙi, yara ma na iya yinsa da hannunsu. Kayan aiki su ne ɓawon ƙwai da aka wanke aka shanya, da binega, watau ruwan tsamin nan da ake sayarwa a kantunan kayan abinci, da kofunan gilashi biyu, da agogo.

A raba ɓawon kashi biyu masu nauyi ɗaya, misali giram 2 kowanne. A bar kashi ɗaya manya-manya, ɗayan kuwa a daka shi ya zama gari. A zuba binega mililita 50 a kowane kofi, sa'an nan a zuba ɓawon duka biyu a lokaci ɗaya. Na garin zai yi ta tsattsafo da kumfa nan take, na ɓarɓashin kuwa a hankali. Iskar da ke fita ita ce kabon dayoksayid, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi.

Akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, allin rubutu ba kullum yake yin aikin ɓawon ƙwai ba, domin da yawansa da wani dutse dabam ake yinsa, wanda ba ya kumfa a cikin tsami. Na biyu, kada a toshe bakin kwalbar da iska ke fita daga cikinta. Iskar da ta rasa mafita sai ta harba murfi ko ta fasa gilashi. Wannan doka ta shafi kowane gwaji a cikin darasin nan.

Gwaji Na Biyu: Ƙarfin Haɗi Da Zafi

Wannan shi ne sanannen gwajin ɓacewar alama, wanda ke cikin littattafan manyan azuzuwan sakandare. Kayan aiki su ne sodiyam tayosalfet, giram 40 a narka cikin ruwa lita ɗaya, da asid na haidurokulorik wanda aka surka, mai ƙarfin mol 2 a lita, da kwalbar gilashi mai faɗin gindi, da farar takarda mai baƙar alama a tsakiya, da ma'aunin zafi, da agogo mai nuna daƙiƙa.

A zuba ruwan tayosalfet mililita 50 a kwalba, a ɗora ta bisa alamar. A ƙara asid mililita 5, a ɗan kaɗa, a fara ƙidaya. Ruwan zai soma dusashewa, ya yi fari, ya koma rawaya, saboda garin farar wuta da ke fitowa a cikinsa. Da alamar ta ɓace a tsai da agogo. Sai a sake da tayosalfet mililita 40 da ruwa 10, sa'an nan 30 da 20, har zuwa 10 da 40. Yara za su ga cewa duk sa'ad da aka ƙara surki, lokaci sai ya ƙara tsawo.

Don gwada zafi, a tsaya a kan haɗi mafi rauni, watau 10 da 40. A yi shi da zafin ɗaki, sa'an nan a ɗumama shi zuwa digiri 30, da 40, da 50, ta hanyar tsoma kwalbar cikin kwanon ruwan ɗumi kafin a zuba asid. Ruwan ɗumin a kawo shi a filas, ba sai an hura wuta a aji ba. Dalilin zaɓen haɗi mai rauni a fili yake: tun da za a saki linzamin zafi, dole a ja na ƙarfin haɗi. Ba a sakin linzami biyu a lokaci ɗaya.

Malamin Jos ya riƙa rubuta zafin ɗaki a allo kowane lokaci. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, kuma da safiyar hunturu sanyi kan sa aikin ya yi nawa ƙwarai idan aka kwatanta da na azahar a watan Maris. In sakamakon aji biyu ya saɓa, ba lalle ne wani ya yi kuskure ba. Wannan ma darasi ne.

Haɗarin gwajin nan shi ne iskar farar wuta da yake fitarwa, mai shaƙe maƙogwaro, wadda kan ta da ciwon fuka. Saboda haka a kiyaye abubuwa huɗu. A tambayi masu fuka tun da wuri, a zaunar da su bakin ƙofa. Kada a wuce digiri 50. Mai duban alama kada ya kai hanci bakin kwalba. Da an gama kowane zagaye, a juye ruwan cikin bokiti mai ɗauke da ruwan sodar wanki, wanda ke kashe asid ya tsai da aikin, bokitin kuma a ajiye shi waje.

Ga wani gargaɗi mai muhimmanci. Masu wanke hoto na da can suna kiran tayosalfet da sunan da ya yi daidai da na ruwan wankin nan mai suna Hypo, har wasu tsofaffin littattafai ma haka suke rubuta shi. Abu biyu ne dabam. Ruwan cire dauɗa irin wannan, kowane kamfani ya yi shi, idan ya haɗu da asid yakan fitar da iskar kulorin, wadda ke iya halaka mutum a rufaffen ɗaki. Kada malami ya aiki yaro sayen sinadari da baki. Ya saya da kansa a wurin masu sayar da kayan gwaji, ya karanta cikakken sunan a jikin kwalba.

Idan ya zama dole a surka asid mai ƙarfi, malami ne zai yi, ba a cikin aji ba, kuma asid ake zubawa cikin ruwa sannu a hankali, ba ruwa cikin asid ba. Ruwan batirin mota ba ya maye gurbinsa.

Gwaji Na Uku: Katalis

Ruwan haidurojin feroksayid, wanda ake samu a kantin magani, Bafaranshe Louis Thénard ne ya gano shi a 1818. Da kansa yake rabewa ya zama ruwa da iskar oksijin, amma a hankali ƙwarai. Haske da zafi na gaggauta rabewar, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Kwalbar da ta daɗe a buɗe tana iya zama kusan ruwa zalla, don haka a gwada ta tun kafin ranar darasi.

Kayan aiki su ne ruwan feroksayid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, ko mai kashi 6 da aka surka da ruwa daidai wa daida, da dogayen kofunan gilashi biyar, da ɗanyen dankalin Turawa, da ɗanyar hanta daga wurin mahauci, da dafaffiyar hanta, da yis na burodi wanda aka jiƙa a ruwan ɗumi.

A zuba mililita 20 a kowane kofi. Na farko a bar shi haka nan, shi ne ma'auni. Na biyu a sa yankan dankali, na uku ɗanyar hanta kamar girman ƙwayar gyaɗa, na huɗu dafaffiyar hanta, na biyar rabin ƙaramin cokali na yis. Kofi na farko zai zauna shiru. Dankali zai fitar da ƙananan kumfa. Ɗanyar hanta da yis za su tashi da kumfa mai yawa. Dafaffiyar hanta kuwa ba za ta yi kome ba.

Dalili shi ne, dankali da hanta da yis duk suna ɗauke da wani enzayim mai suna katalas, wanda aikinsa a jiki shi ne rusa feroksayid kafin ya yi ɓarna. Tafasa tana lalata shi har abada. Malami kada ya yi mamaki in ma'auninsa ya nuna ruwa na tafasa a wajen digiri 96 a Jos maimakon 100. Tsawon tudu ne ya jawo haka, kuma wannan zafi ya isa ya kashe enzayim. Akwai katalas a cikin jini ma, shi ke sa kumfa in an zuba ruwan a kan rauni, amma an hana ɗiban jinin ɗalibi ko na malami don nuna wannan.

Sauran a nuna cewa katalis ba ya ƙarewa. Don haka ake amfani da baƙin garin manganis dayoksayid. A auna giram ɗaya, a zuba cikin feroksayid mililita 50 a kwalba mai faɗin baki. Idan kumfa ta kwanta, a tace garin da takardar tacewa, a shanya, a sake aunawa washegari. Za a tarar nauyinsa na nan, ban da ɗan abin da ya manne a takarda. A zuba shi a sabon feroksayid, zai sake aiki kamar da. Akwai wannan gari a cikin batirin tocila, amma kada a sa yara fasa batir, domin a gauraye yake da waɗansu abubuwa masu cin fata.

In ana son tabbatar da cewa iskar oksijin ce, malami ya kunna siririn tsinke, ya hure wutar ya bar jan garwashi, ya kai shi bakin kwalba. Wutar za ta sake kamawa. Wannan ita ce wuta ɗaya tak da ake bukata a duk darasin, kuma kafin a ƙyasta ashana a tabbata babu sifirit, ko kananzir, ko tarin takardu a kan tebur.

Me ya sa aka nace a kan kashi 3? Lissafi ne ya nuna. Mililita 50 na mai kashi 3 yana ba da oksijin kimanin rabin lita, kuma ɗumin da zai yi kimanin ƙarin digiri 20 ne. Mililita 50 na mai kashi 30, wanda ake sayarwa don ɗakunan gwaji, yana ba da kimanin lita 5, zafinsa kuwa ya isa ya tafasa ruwan ya watsa shi. Ga shi yana ƙona fata, yana iya makantarwa. Da irinsa ake yin gwajin nan na kumfa mai harbawa sama wanda yara ke gani a wayoyi suna roƙon a yi musu. Ba na ƙaramin aji ba ne. Darasin da ke cikinsa, mai kashi 3 ya koyar da shi duka.

Izina Daga Wata Ƙasa

Kada a ɗauka haɗari na makarantun marasa hali ne kaɗai. A 2014, cikin watanni biyu, an yi gobara uku a Amurka a wurin nuna wa yara gwajin kimiyya, a garuruwan Reno, da Denver, da Raymond. A ta Reno, wadda ta auku a wani gidan nune-nunen kimiyya a watan Satumba, mutum 13 suka ji rauni, yawancinsu yara. Hukumar binciken haɗarin sinadarai ta ƙasar ta gano cewa musabbabin iri ɗaya ne: mai gwajin ya tuttula sifirit na metanol daga babbar kwalba a kusa da wuta, wutar ta bi ta shiga kwalbar, ta feso kan 'yan kallo. Shawarar hukumar ita ce a daina kawo babbar kwalba wurin gwaji, a nisanta yara, a sa kariya a tsakani, a kuma auna haɗarin kowane gwaji kafin a yi shi. Waɗannan su ne sharuɗɗan da aka lissafa a sama.

Idan Tsautsayi Ya Auku

Idan sinadari ya shiga ido, a kwantar da kan yaro gefe, a buɗe idon, a riƙa zuba ruwa da buta daga wajen hanci zuwa waje har minti 15 ko fiye, kada ya murza. Idan ya zuba a fata, a cire tufar da ta jiƙe, a wanke da ruwa mai yawa. Idan ƙuna ce, a riƙa zuba ruwan sanyi har minti 20. Kada a shafa manja, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko gishiri. Idan tufa ta kama wuta, kada yaro ya ruga. A kwantar da shi, a mirgina shi, a lulluɓe shi da bargo ko a kwara masa ruwa. Wanda ya shaƙi iska ya fara tari, a fitar da shi fili, in yana da maganin fuka ya shaƙa. Wanda ya haɗiyi wani abu, ya kuskure baki, kada a sa shi amai.

Bayan haka a kai shi asibiti mafi kusa tare da sunan sinadarin a rubuce. Raunin ido da ƙuna mai faɗi na bukatar babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. A sanar da iyaye nan take, a kuma rubuta abin da ya faru a littafin makaranta domin na baya su kiyaye.

Haƙƙin Hukumar Makaranta Da Iyaye

Shugaban makaranta ya tanadi akwati mai kwaɗo don ajiye sinadarai, a wuri mai inuwa, makulli a hannun malamin kimiyya. Tabarau biyu ko uku, da ma'aunin zafi, da akwatin taimakon gaggawa ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba. Iyaye kuma su ja kunnen yara kada su maimaita gwaji a gida da ruwan wanki ko ruwan batir, su kuma sanar da makaranta in ɗansu na da fuka. Uban da ya tambayi malami irin shirin da ya yi kafin gwaji bai yi shisshigi ba, haƙƙinsa ne.

Tambayoyi Don Bita

1. Lissafa abubuwa huɗu da ke canza saurin aikin sinadari, ka kawo misalin kowanne daga gida ko kasuwa.

2. Me ya sa ake amfani da haɗi mafi rauni a lokacin da ake gwada zafi?

3. Ɗanyar hanta ta yi kumfa, dafaffiya ba ta yi ba. Bayyana dalili.

4. Ta yaya za a tabbatar cewa baƙin garin manganis bai ƙare ba?

5. Me zai faru in an toshe bakin kwalbar da iska ke fita daga cikinta?

Kammalawa

Malamin da zai shiga aji da kwalba a hannu ya tambayi kansa tambayoyi huɗu. Haɗin nan zai iya yin rauni fiye da haka, darasi kuma ya fito? Zafin zai iya raguwa? Awon zai iya ƙanƙancewa? Iska tana da mafita? In amsar ɗaya daga ukun farko i ce, to, ya rage. In amsar ta huɗu a'a ce, ya dakata sai ya gyara. Da ɓawon ƙwai, da dankali, da hanta, da 'yar kwalbar feroksayid, makarantar da ke lungun Ali Kazaure tana iya nuna wa ɗalibanta ka'idar da matatar mai da masana'antar taki ke aiki da ita, kowane yaro kuma ya koma gida lafiya. Sannu ba ta hana zuwa.